Rasuwar Mek Puteh ta Ɗakin Sanyi

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Wan Derahman, mai kula da ɗakin sanyi na ƙungiyar masuntan ƙauyenmu a gaɓar Terengganu, ina sanar da rasuwar kwamfutarmu Mek Puteh, cikin goman ƙarshe na azumi, farkon shekarar 2000.

Marigayiyar ta yi shekaru tana tsaron sanyin kifinmu. Ita ke kunna injin, ita ke hutar da shi in ƙanƙara ta yi yawa. Ba ta taɓa ƙorafin gishirin iskar teku ba. Maganarta ɗaya ce kowace safiya: "ƙit, ƙit."

Kafin damina ta rufe teku, wani Encik Rozlan ya zo daga birni da faifai a aljihu, wai yana gano kwamfutar da za ta rikice in shekara ta juya. Ya zura mata shi, allo ya yi kore, wai alamar lafiyarta ƙalau.

Na ce, "Encik, shi faifan wa ya gwada shi?"

Ya yi dariya. "Pak Cik Derahman, kai dai ka ji da kifinka. Wannan tsohuwar sai ta binne ka."

Muka yarda. Muka cika ɗakin da duk abin da jiragen ruwa suka kamo, abincin gidaje har teku ta lafa. Na kulle, na tafi jinyar mahaifiyata.

Ashe agogonta kawai faifan ya tambaya, bai leƙa lissafin da take yi da kwanan wata ba. Da shekara ta juya, sai ta ɗauka 1900 ce. Ta hutar da injin, ta zauna jiran lokacin kunnawa, lokacin bai zo ba. Wari ne ya sanar da maƙwabta.

Gaskiya ba ciwon ne ya kashe ta ba. Pak Cik Embong, wanda ya sa kamunsa duka a ɗakin, ya shigo da gudumar fasa ƙanƙara. Na riƙe hannunsa, na ce, "Ba ita ta yi mana ƙarya ba." Ya ce, "To kawo mini wanda ya yi." Na sake shi. Ta ce "ƙit" sau ɗaya.

Ta bar allo mai tsage, da firinta da ba ta san abin da ya faru ba, da Mak Cik Selamah mai soya keropok, ƙosan kifin nan namu, wadda ba ta da kifin da za ta niƙa wa marayunta na Sallah.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan La'asar, a ramin da muka binne kifin, bayan rumfar gyaran komar kamun kifi. Mai zuwa ya taho da ƙyallen toshe hanci. Za a raba shinkafar buɗa-baki, amma gaya ce.