Jakin Surukina a Garken Baladiyya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe ina kare dukiyar hukuma ba, ni da ko takardar zama a Makka ba ni da ita.

Lokacin famfo bai iso lungunmu na Misfala ba, da jaki muke kai wa mutane ruwa. Jakin da nake aiki da shi na surukina ne, Baba Ɗanjuma, ya ba ni aro bayan biki don kada 'yarsa ta kwana da yunwa. Wata Talata na yi masa ɗaurin ganin dama na shiga shan shayi, ina fitowa sai igiya. Kwana uku ina bulayi har unguwar Mansur, ko kashinsa ban gani ba. Da Baba ya tambaya, na ce jakin ba ya jin daɗi, yana hutawa a gida. (Allah ya yafe mini, har addu'ar samun sauƙi tsohon ya yi masa.)

Ran Juma'a bayan la'asar umda, wato mai unguwarmu, ya tara mu a gahawa, shagon da muke shan shayi. Wai baladiyya, hukumar gari, ta buɗe garken gwaji inda take tsare dabbobin da suka ɓata tana ciyar da su, ana son jin ko a ci gaba da kashe kuɗi a kai. Malam Isa mai wanki ya ce a ci gaba, don duk bayan aikin hajji dabbobi na mutuwa da ƙishi a titi, wari ya hana mu sakat.

Da mai hankali ne, da ya ja bakinsa. Ni kuwa marar gaskiya ko a ruwa gumi yake, sai na ga gara in cika wurin da murya.

"Ya jama'a, mu auna maganar nan," na ce. "Dabbar mutumin kirki ba ta ɓata, sai ta sakarai! To don me hukuma za ta ciyar da jakin sakarai? A bar mai shi ya ji a jikinsa, gobe ya koyi ɗauri."

Baba na zaune a wurin yana ta gyaɗa kai, kaina ya ƙara girma. Har na ƙara da cewa duk wanda aka samu jakinsa a can, a zagaya da shi kasuwa ana yi masa ihu.

"Tayyib, ya yi kyau," in ji umda. Sai ya sa mai kula da garken ya shigo da abin da ke hannunsa, ko wani zai gane nasa. Akuya ɗaya, jaki ɗaya. Jakin har ya yi ƙiba, abin da bai taɓa yi a hannuna ba. Ya wuce kowa, ya zo ya cusa hanci a aljihun da nake ajiye masa dabino, ya saki kuka.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ya shaikh, naka ne?" umda ya tambaye ni.

Baba ya riga ni. "A'a, nawa ne. Sakaran ma nawa ne, ni na ba shi 'yata."

Gahawa ta kece da dariya, har Malam Isa yana share hawaye. Baba ya karɓi igiyar da hannunsa, bai ko dube ni ba. Wata biyu cur ina hawan tudun Misfala da garwa biyu a kafaɗa kafin ya huce.

Tun daga ranar, in ana gardamar ko hukuma ta taimaki sakarkaru, nakan fara leƙawa in ga ko ina cikin layin kafin in buɗe baki.