Rasuwar Sai-Haƙuri, Injin Niƙan Bayan Tasha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da riga mai cike da garin dawa, Malam Andrawus mai niƙa na bayan tashar jirgi, Kafanchan, yana sanar da dangi da abokan arziki, da duk macen da ta taɓa ajiye kwano a ƙofar shagonsa, cewa injinsa, wanda gari ya sani da suna Sai-Haƙuri, ya riga mu gidan gaskiya. Ya cika ne a makon Kirsimetin bana, 1977, da hantsi, yana bakin aikinsa.

Marigayin ya iso garin nan a jirgin kaya, tun uwar Caroline, matar Malam, tana da rai. Bai taɓa nuna bambanci ba: dawar Kirista da geron Musulmi ta maƙogwaro ɗaya suke wucewa. Ba shi da yawan magana. Tuk-tuk-tuk kawai yake cewa, sai in ya ci karo da tsakuwa ya ce ƙarrr, kamar dattijon da aka taka wa ƙafa.

Ba a faɗin aibin mamaci, amma kowa ya san baki ɗaya gare shi. Masu niƙa kuwa ba da tsari suke zuwa ba. Sai a yi rabin safiya babu kowa, da an ce jirgin Fatakwal ya kusa, masu ƙosai da alale su ɓarko gaba ɗaya. Kowace ta ajiye kwano ya riƙe mata wuri, layi ya miƙe har gindin mangwaro, Malam kuma yana bin su da kalmar da ta zama sunan injin.

Caroline, 'yar Malam, wadda ke aiki a Zariya a ɗakin wata ƙatuwar na'urar lissafi da ake kira kwamfuta, ta zo hutu ta duba mara lafiya. Ta ce ciwonsu ɗaya da na'urarsu: can ma ɗalibai jera katunan aikinsu suke yi kamar kwanuka, na'ura ɗaya tana haɗiya. Ta ce layi yana da lissafinsa. In aiki yana zuwa dab da abin da inji zai iya ci, layi ba da sannu yake ƙaruwa ba, tsalle yake yi, kuma injin da ba ya samun sarari layinsa ba ya ƙarewa. Ta ba da magani biyu: a riƙa ba shi hutu, a kuma fara da ƙananan kwanuka. Malam ya sha na biyun, ya zubar da na farko. Jira ya ragu, har Kubra mai ƙosai ta sa wa boko albarka.

Kwano ɗaya ne ya ƙi bin lissafi. Na Afiniki ne, uwar Eli, mai ɗinki, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Wakenta bai cika mudu ba, ita ya kamata ta fara, amma kullum sai Malam ya sa ƙafa ya tura kwanon baya, ita kuma ta zauna a benci tana jira. Caroline ta kalli kwanon, ta kalli ubanta, ta koma Zariya tana dariya.

Gaskiyar ita ce Malam Andrawus yana son Afiniki, kuma tsoro ya hana shi faɗa. Wato ya sha faɗa, amma sai inji ya ɗau ƙara sosai, yadda ko shi kansa ba ya jin abin da bakinsa ke cewa. Ta wannan fuska marigayin amini ne mai rufin asiri.

Ciwon ajali ya zo da niƙan Kirsimeti, ga na taron zumuntar matan majami'a a kai. Marigayin ya fara tari, ya yi baƙin hayaƙi, aka ba shi mai ya ƙi sha. Ya niƙa na kowa dai, da kyar. Da aka zo kan kwano na ƙarshe, Malam ya juye waken, ya soma karatunsa da ya saba. Inji ya ce tuk, ya ce tuk, ya yi shiru. Malam bai ankara ba, sai ji aka yi muryarsa ta cika shago har gindin mangwaro:

"...in kin yarda, Maman Eli, mu je wurin fasto."

Ya so ƙasa ta tsage ya shige. Afiniki ta gyara ɗankwalinta a hankali.

"Baban Caroline, wannan magana ya daɗe da na gan shi a bakinka. Kana tsammani ba ni da dutsen niƙa a gida ne?"

Marigayin ya bar uban gida ɗaya, da bel mai faci da ke juya shi, da gwangwanin man da bai ƙarasa ba, da benci, da kwanuka marayu masu yawa. Malam yana kukan rashinsa da gaske, amma masu zuwa gaisuwa su yi masa uzuri in sun tarar da shi yana murmushi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a bayan shago, bayan makaniki ya cire abin da zai amfani masu rai. Kada a zo da hatsi. Za a ci ƙosai na waken nan da aka kwaso daga bakin marigayin, aka ƙarasa a kan dutse. Masu makoki su yi layi, mai ƙaramin kwano a gaba, bisa umarnin Caroline. Ranar Lahadi kuma a saurari sanarwar aure a majami'a. Kada kowa ya nemi kwanon Afiniki a ƙarshen layi, don ita ce za ta yi rabo.