Rabin Kitson Walida

Akwai wata Alhamis da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da na so. Har yau in na ɗauki mataji sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare a lokacin, a wata makaranta a Sabon Garin Wudil mai haɗe da firamare. Ni irin yarinyar nan ce da in malami ya kira sunanta sai ta kama kallon tururuwa a ƙasa. Wuri ɗaya nake sakewa: laburare. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, kanta uku, tabarma biyu, da fanka mai kuka kamar ana matse ta. Na san littafin da ɓera ya ci wa gefe, na san wanda aka zana wa zakinsa gashin baki da biro.

Mai kula da wurin, Malama Rifkatu ('yar Bauchi ce, mijinta yana aiki a jami'a), ita ta fara lura da ni. Duk Alhamis 'yan aji ɗaya na firamare suna zuwa a karanta musu littafin hotuna, a koya musu tausayi.

"Ki gwada karanta musu sau ɗaya," in ji ta. "In kin iya, aikin ya zama naki har ƙarshen zango. In ba ki iya ba, Bilkisu tana jira."

Bilkisu 'yar ajinmu! Mai lasar yatsa kafin ta buɗe shafi. Na ce ina, sai dai in ba na numfashi.

Littafin labarin wata 'yar tunkiya ne da ƙarangiya ta cika wa jiki. Kowa ya zo sai ya fizga, ta yi kuka ta gudu, har wata yarinya ta zauna ta cire mata ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Kwana uku ina karanta wa akuyar Inna shi a bayan ɗaki (ta saurara, sai dai ta so cin bangon).

Ranar Laraba da la'asar Inna ta ce in yi wa ƙanwata Walida kitso. Hankalina yana kan littafi, ita kuwa sai mutsu-mutsu take. Na ba ta ranƙwashi. Ta motsa, na ƙara. A na uku na jefar da matajin na ce, "Je ki, ai hijabi zai rufe." Na bar mata kai rabi a kitse, rabi a tsefe.

Walida 'yar aji ɗaya ce. Na san da haka, shi ya sa da suka shigo laburare ranar Alhamis na zaunar da ita can ƙarshen tabarma.

Karatu ya yi kyau, wallahi. Muryata ba ta yi rawa ba. Na yi kukan tunkiya har wata yarinya ta sa hannu ta shafa hoton. Malama tana ta gyaɗa kai. Daɗi ya kwashe ni, na yi tambayar da babu ita a cikin shirina:

"Yara, wa aka taɓa yi wa abu da zafi, alhali ana iya yi masa a hankali?"

Hannu ɗaya ya tashi a ƙarshen tabarma. Na mai da idona kan fanka.

"Ga wata can tana ta ɗaga hannu," in ji Malama.

Walida ta miƙe, ta tuɓe hijabi. Gefen dama layi huɗu a kwance lafiya lau. Gefen hagu a tsaye cirko-cirko, kamar sheƙar da tsuntsu ya fasa ginawa.

"Yayata ce," ta nuna ni. "Ranƙwashi uku. Nan, da nan, da nan."

"Malama, ita ma ƙarangiya ce a kanta?" wata ta tambaya.

Sai wadda ke kusa da Walida ta dafa mata kafaɗa ta ce, "Sannu, Walida." Nan take ajin gaba ɗaya ya ɗauka: "Sannu, Walidaaa!" Darasina ya shiga, babu shakka. Ni ce dai mai fizgar.

Malama ta yi wani tari a cikin gyale wanda na tabbata ba tari ba ne. Na ce shi ke nan, Bilkisu ta lashe littafin. Sai na ga ta zaro mataji daga jakarta ta miƙo mini.

"Da sauran lokaci. Nuna musu yadda yarinyar littafin ta yi."

Haka na durƙusa a tsakiyar laburare na ƙarasa kitson, yara sun kewaye ni suna sa ido. Walida kuwa tun kafin in taɓa ta take cewa "wash!", su kuma su haɗa baki: "A hankali, Anti!"

Da aka kaɗa ƙararrawa Malama ta karɓi matajinta ta ce, "Alhamis mai zuwa kar ki makara."

Na samu aikin. Na kuma gane cewa in za ka koyar da tausayi, ka fara duba abin da hijabin ƙanwarka ya rufe. Yanzu duk Laraba ina yi wa Walida kitso kamar mai taɓa ƙwai. In hannuna ya ɗan yi nauyi, ba ta kuka. Hannu kawai take ɗagawa.