Ranar da Na Ce Na Iya Doki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya ɗora ni a kan doki a Giza ta ƙasar Masar. Har yau in na ji ƙarar kofato a kan kwalta sai ranar ta dawo mini.

Lokacin ina karatun Turanci a jami'a, ina zaune a unguwar Faisal cikin wani gidan haya da muka cika maƙil. Da tafinta nake rufa wa kaina asiri: mutanenmu da na Nijar masu zuwa neman magani, ni ke shiga tsakaninsu da likitoci. A haka na san Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwar Maraɗi da ya saba saro kaya a kasuwar Ataba, amma a wannan zuwan aikin ido ne ya kawo shi. Tare yake da 'yarsa Rakiya, mai jinyarsa. Ba sai na ja ku da nisa ba, na kamu da sonta. Alhaji ya gane, bai kuma haɗe rai ba. Wata rana ma cewa ya yi, "In mun koma gida, ka turo manyanka mu ji da me suka zo." Ranar ban ci abinci ba don murna.

Matsalata ɗaya ce, ina son a san na sani. Bayan an yi aikin na je gaishe shi a gidan da suka kama, na tarar da wani dogon madubi tsaye a kan ƙafafun katako. Babu wanda ya tambaye ni, amma na sanar da su cewa Turawan Ingila cheval glass suke kiran irinsa.

Alhaji ya yi dariya daga kwance. "Cheval? Ai doki ke nan a Faransanci. Tun muna lakwal, makarantar boko, muka san shi."

Wayyo, ya taɓo mini inda ke yi mini ƙaiƙayi! Na gyara zama na shiga lacca. Na ce daga wannan dokin aka samo chevalier, wato jarumin mahayi. Daga nan kuma aka samo chivalry, halin namijin da ke tare wa mata da masu rauni faɗa, ya sa ƙirjinsa inda wasu ke gudu. Na ce a wurin Bature asalin mutumin kirki mahayin doki ne. Duk wannan gaskiya ne, yana cikin littafi. Inda na ɓata shi ne da Rakiya ta leƙo daga ƙofar kicin ta ce, "To kai Malam, ka iya hawa?"

"Ni? Ai cikin dawaki na tashi," in ji ni. (Abin da na taɓa hawa a duniya mai kama da doki shi ne jakin kakana, shi ma a ɗaure yake.)

Da aka cire bandeji, idon ya buɗe tar. Ina wurin Alhaji ya kalli Rakiya ya daɗe, sannan ya ce ashe haka ta girma. Likita ya kafa masa sharaɗi: kada ya sunkuya, kada ya ɗauki nauyi, kada komai ya jijjiga shi. Shi kuwa ya dage sai ya ga dalar Fir'auna da sabon idonsa kafin su tafi. Muka ɗauki tasi, yana sanye da baƙin tabarau, Rakiya na riƙe da hannunsa.

Duk wanda ya je wurin ya san masu dawaki, ba sa barin baƙo ya sha iska. Wani ya manne mana, sai Alhaji ya ce cikin raha, "To ɗana, ga cheval ya zo har gida. Nuna mana abin nan naka."

Akwai abin da ban sani ba a lokacin. Mai doki yakan fara tambayarka ko ka iya. In ka ce a'a, sai ya ba ka wata tsohuwar goɗiya, ya riƙe igiya yana tafiya a gabanka, a ɗauke ka hoto a sauke ka lafiya. In ka ce ka iya, sai ya kawo maka matashin doki mai jini a jika, ya miƙa maka linzami, ya zabga masa bulala. Dokin kuma ya san aikinsa: ya zura cikin rairayi, ya juyo da kansa a guje zuwa inda ya baro 'yan'uwansa.

"Kana hawa sosai, ya basha?" in ji mai dokin da Larabci, yana kambama ni kamar wani basarake.

Na saci kallon Rakiya. Na ce, "Tamam," wato ƙwarai kuwa.

Sai da aka tura ni ta baya na hau. Mutumin ya ce "Yalla!", na ji ƙarar bulala, daga nan duniya ta birkice. Linzami ya suɓuce tun a tsallen farko. Na rungume wuyan doki da hannu biyu, takalmina ɗaya ya tafi, hulata ta bi shi. Jarumin chivalry, mai tare wa mata faɗa, yana ta kwarara ihu yana kiran Innarsa da ke Zariya. Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗaga wayoyi.

Da a nan abin ya tsaya, da yau dariya kawai zan ba ku. Amma dokin ya juyo, ya miƙe sak inda Rakiya take tsaye ta daskare. Ina ganinta, ban iya ko cewa ta kauce ba. Alhaji ne ya ture ta, ya sha gaban dokin, ya cafki linzamin da ke lilo. Kan dokin ya doke shi a fuska, aka ja shi a ƙasa, amma bai saki ba sai da dabbar ta tsaya. Ni kuwa na sulale a hankali na zauna a kan kashin doki, ko ƙwarzane ban yi ba. Alhaji na durƙushe, ya dafe ido da tafin hannu, tabarau a farfashe a gefensa.

A asibiti aka kai ni maƙurar kunya, don ni ne tafinta. Likita ya tambaya cikin fushi yadda aka yi wanda aka yi wa aikin ido ya kama doki. Alhaji ya ce, "Malam, gaya mishi." Haka na tsaya, wandona na wari, na ba da labarin wautata da Larabci tiryan-tiryan. Likita ya duba idon ya daɗe, sannan ya yi maganarsa a hankali. Rakiya ta zuba mini ido tana jiran Hausa. Da bakina na gaya musu cewa idon ya tafi, kuma ba aikin da zai dawo da shi.

Rakiya ba ta yi kuka a gabana ba, fita ta yi. Na durƙusa ina ta ba da haƙuri, ban ma san abin da nake faɗa ba. Alhaji ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Ma'alish, ba komai ɗana, ni na ce ka hau. Ban riƙe ka ba wallahi. Amma ido guda ya rage mini, kuma da shi zan duba wa ɗiyata miji. Kar manyanka su wahalar da kansu."

Na raka su filin jirgi, na ɗauki jakunkuna, babu wanda ya hana ni, babu kuma wanda ya yi mini magana.

Yanzu ina koyar da Turanci, kuma har yau ina iya jero muku kalmomin da suka fito daga cheval ba tare da na duba littafi ba. Abin da ya canja shi ne, duk wanda ya tambaye ni ko na iya wani abu, ko da dafa shayi ne, nakan ce masa ina dai koyo.