Keke Takwas, Bel Ɗaya

Jama'a, a gafarce ni idan rubutun yau ya ɗan karkace. A kishingiɗe nake yin sa, gwiwa ɗaya a naɗe da bandeji, kuma har yanzu in na haɗa haƙora yashi nake ji. Jiya ne muka yi wa Mai Girma Mai Almakashi faretin kekuna, ni da maƙwabtana, kuma ni na zo na biyu. Ba tsere aka sa mu ba. Keken ne ya ƙi tsayawa.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Kun dai tuna bara, lokacin da layin mai ya yi tsawon da mutum zai bar jariri a gida ya dawo ya tarar yana rarrafe. Manyanmu, Allah Ya ƙara musu basira, suka zauna a ɗaki mai sanyi suka gano maganin abin: talaka ya hau keke. Mai Almakashi da kansa ya kawo mana albishir. Muna kiransa haka ne don ba a taɓa ganinsa a waje ba sai in akwai zaren da za a yanke. Ya zo da jerin motocin da suka toshe layinmu tun daga masallaci har bakin titi, duk injinansu a kunne, ya yi mana doguwar nasiha a kan tsimin mai.

Layinmu ya samu keke takwas. Na samu, Tela ya samu, Baba Mai Burodi ya samu, da wasu mutum biyar. Kekuna ne na gani na faɗa, daga ƙetare aka kawo su. Ba su da sarƙa, sai wani bel na roba mai haƙora da aka rufe da murfi. Ba su da birkin hannu, in kana son tsayawa sai ka murza feda baya, keke ya ƙame. Mun yi ta wannan burga a gaban yara har suka gaji da kallonmu.

Mai gyaran keken layinmu, wanda muke kira Injiniya, shi kaɗai bai yi murna ba. Ya tsuguna, ya cire murfin, ya daɗe yana kallo, ya ce, "In wannan ya tsinke, wa ke da shi?"

Tela ya ce, "Kai dai baƙin ciki kake yi don ba ka samu ba."

Ashe banza ba ta kai zomo kasuwa. Na Tela ne ya fara tsinkewa.

Duk cikinmu babu wanda keken nan ya zama wa uwa da uba kamar Baba Mai Burodi. Mu namu na ado ne da zuwa aiki, shi kuwa tukunyar gidansa ce. Dattijo ne, da jikoki uku a gabansa. Kullum da safe yana ɗora akwati a kariyar bayan keke, ya karɓo burodi daga gidan gashi ya rarraba wa masu kanti. In ya makara kwana biyu a jere, akwai mai ƙaramar mota da ke jiran wurinsa, kuma mai kanti ba ya jiran kowa. Da ya samu sabo, sai ya kyautar da tsohon baƙin kekensa mai sarƙa ga wani ɗan'uwansa a ƙauye. Ranar da bel ɗinsa ya tsinke na gan shi yana turo keken da akwati a kai, gumi har gemu, yana ba kowa haƙuri tun daga nesa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na ce ai duniya ta ci gaba. Na ari wayar maiɗakina, don tawa ta tsufa, muka shiga wani kantin intanet na ƙasar waje, ni da Tela da Injiniya, kawuna uku a kan waya ɗaya. Ga bel nan, hotonsa tar, har haƙoransa ana iya gani, kuma da araha. Na jefa shi a kwando, na rubuta adireshi, na latsa. Sai wani jan rubutu ya fito cikin ladabi: muna ba da haƙuri, ba ma sayar da wannan kaya ga yankinku, ku tuntuɓi wakilinmu.

Na koma wani kanti, haka. Na sake wani, haka. Don in gwada su, na jefa ƙararrawa a kwando, suka ce bismilla. Na jefa hular kwano, gorar ruwa, har da wata safa mai hoton keke, duk suka yarda su aiko har ƙofar gida. Bel ne kawai ba zai taka yankinmu ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Tela ya ce, "To shi bel ɗin zafinmu yake tsoro, ko mun taɓa yi wa iyayensa laifi?"

Na tafi neman wakili. Ofishinsa a saman bene yake, allon ya fi ƙofar girma. A ciki tebur ɗaya ne, da fanka, da wata baiwar Allah tana gyaran farce.

Na ce, "Sannu da aiki. Bel nake nema."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Mu ba ma sayar da gutsi-gutsi. Keke muke sayarwa ɗungurungum, kuma ɗari-ɗari."

"To ku ba su izini su aiko mini mana."

"Mu kaɗai ke da ikon shigo da shi."

"Kuna shigo da shi ɗin?"

"A'a."

Na nemi ganin shi wakilin, ta ce ya yi tafiya. Amma na ga hotonsa a bango, suna dafe da juna shi da Mai Almakashi, suna dariya. Ni ban ce komai ba, kada a ce na ce. Hanci dai iri ɗaya ne.

Maiɗakina tana da ƙane a can ƙetare, a yankin waɗanda Allah Ya yarda da su. Ya saya mana bel huɗu ya aiko. Suka iso bakin iyaka lafiya, masu duba kaya suka riƙe, wai sai da takardar amincewar wakili. Na je na yi musu bayani cewa wakili ba ya shigo da shi. Wani mai tumbi ya dube ni cike da tausayi ya ce, "Ai don a kare ku ne daga jabun kaya." Na yi godiya. Ba a taɓa kare ni haka ba tun da aka yaye ni.

Kafin damina ta wuce, bel bakwai sun riga mu gidan gaskiya. Saura nawa, kuma ba don na iya riƙo ba, don ragon mutum ne ni, sai in ga dama nake hawa. In kiɗa ya canja rawa ma sai ta canja. Muka kafa doka a layi: da safe bel na Baba Mai Burodi ne, ba mai taɓawa. Da rana kuma duk mai uzuri ya kai kekensa wurin Injiniya a ɗora masa. Bel ɗin nan ya je asibiti, ya je ɗaurin aure, ya je gaisuwar mutuwa, ya je biko. Injiniya ya ƙware har ya bar murfin kowane keke a kan noti ɗaya. Maiɗakina ta ce ko tsanin layinmu bai kai bel ɗin nan yawon gidaje ba.

Muna cikin wannan zaman lafiya sai ga mota da lasifika. Wai an cika shekara da rabon kekuna, Mai Girma zai zo ya ga yadda talakawa ke morewa. Kowa ya fito da nasa a yi fareti. Duk wanda aka ga kekensa ba ya tafiya yadda ya kamata, za a karɓe shi, don bai san darajar dukiyar jama'a ba.

Muka taru a shagon Tela, kowa ya yi tagumi. Ni ne na lura da inda ake kafa rumfar manya: a gindin gangaren tsohuwar kasuwa. Mu kuma daga sama aka ce mu taso.

Na ce, "Jama'a, keke yana buƙatar bel a gangare?"

Tela ya dube ni, fuskarsa ta washe. "Murfi ya rufe komai. Mu dai mu riƙa murza feda, wa zai san iska muke tuƙawa?"

Muka sha alwashin ba wanda zai ji, har Injiniya, don bakinsa ba ya riƙe magana. Sai batun wanda za a ba bel na gaskiya. Baba Mai Burodi ya gyara zama ya ce, "'Ya'yana, ni ban iya wasan kwaikwayo ba. Tun da nake ban taɓa taka feda a banza ba." Muka ce ai safiya ce, dama lokacinsa ne.

Jiya muka jeru a saman gangare, kowa cikin wankakkun kaya, kekuna suna ƙyalli. Aka busa usur, muka sako. Da farko abin gwanin daɗi. Iska tana kaɗa riga, feda ba nauyi ko kaɗan, ni har hannu ɗaya na saki ina gaida jama'a. Can ƙasa na hango Injiniya cikin 'yan kallo, ya ɗaga hannu biyu yana ta kaɗawa. Na ce Allah sarki, ashe yana ƙaunarmu, na kaɗa masa nawa.

Da muka doshi rumfa na murza feda baya don in tsaya. Feda ta juya salin-alin, keke ya ƙara mai. A nan na tuna, kuma daga fuskar Tela na san shi ma ya tuna, cewa birkin nan ta bel yake bi. Rashin sani ya fi dare duhu, amma mantuwa ƙanwarsa ce.

Mutum bakwai muka wuce gaban Mai Girma kamar an harbo mu. Tela yana salati da ƙarfi, masu ɗaukar hoto suka ɗauka kirari yake yi. Ni ban daina murza feda ba, don ban san me zan yi da ƙafafuna ba. Abin da ya cece mu tulin yashi ne da wani ɗan kwangila ya zube shekarun baya zai gina magudanar ruwa, ya karɓi rabonsa ya ɓace. Mun sha tsine wa mutumin nan. Yau ina janye tawa a bainar jama'a. Duk inda yake, Allah Ya saka masa, don da ya yi aikin, da cikin siminti za mu faɗa.

Muna karkaɗe jiki muka ji tafi kamar ruwan sama. Sai ga Baba Mai Burodi yana saukowa a tsanake, yana taka birkinsa, akwati a baya. Ya tsaya daidai gaban rumfa, ya sauka, ya cire hula ya gaida manya.

Wani mai riƙe wa Mai Girma jaka ya karɓi lasifika. "Ranka ya daɗe, ka ga bambanci da idonka. Waɗancan bakwai sun kula da nasu, ka ga yadda suke tashi. Wannan kuwa ya kashe nasa da lodi, ko gudu ba ya yi."

Mai Girma ya girgiza kai cikin takaici, ya ce a karɓe don ya zama darasi.

Baba bai yi musu ba. Ya kwance akwatinsa da kansa ya ajiye a ƙasa, ya shafa sirdin sau ɗaya, aka tura keken bayan rumfa kafin motar kaya ta zo. Ya tsaya riƙe da hula, yana kallon ƙasa. Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, Tela ya taka mini ƙafa. Ya raɗa mini, "In ka yi magana takwas za su kwashe, har da bel." Gaskiyarsa ne, amma ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Dabarata ce ta jawo wa dattijon.

Sai Mai Girma ya tashi jawabi. Ina roƙon masu sukar tsawon jawabin manyanmu su daina daga yau. Ya yi magana a kan tarihin taya. Ya yi a kan lafiyar zuciya. Yana cikin bayanin yadda shi ma yake sha'awar keke in ya hango shi ta gilashin mota, na ga Injiniya ya zagaya bayan rumfa kamar mai neman wurin fitsari. Ya daɗe kaɗan, ya fito yana gyara rigarsa, cikinsa ya ɗan ƙara girma. Aka loda keken a mota da murfinsa a rufe tsaf, aka yi gaba da jiniya.

Da yamma na tura nawa keken har ƙofar Baba, ina ɗingishi. Injiniya ya zaro bel daga cikin riga ya ɗora, ya ɗaure akwati a kariya.

Baba ya ce, "Ɗana, kai fa? Da me za ka je aiki?"

Na ce, "Baba, ni da keke mun yi hannun riga. Dubi gwiwata."

Bai yi dariya ba. Ya riƙe hannuna da nasa biyu ya daɗe bai saki ba, sannan ya juya ya shiga gida da sauri, wai zai duba jikokinsa. Yau da safe ina kwance na ji ƙararrawata ta wuce ta bayan taga, a kan lokaci. Maiɗakina ta leƙa ta ce akwatin a cike yake har murfinsa ba ya rufuwa.

Mu bakwai kuma an ce za a ba mu lambar yabo. Mai Girma ya ji daɗin faretin ƙwarai, har ya ba da umarni a riƙa yi duk shekara. Gyara ɗaya kawai ya nema. Wai zafi ya dame shi a gindin gangare, don haka baɗi a sama za a kafa masa rumfa, mu kuma mu taso daga ƙasa.