Tankin da Ke Cikin Bangon Inna

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga banɗakin Inna da guduma ba.

Ƙanena Sanusi, wanda ya yi boko har ya gaji (ni a aji biyu na sakandare aka miƙo mini fartanya), shi ya zo daga Abuja ya gina wa mahaifiyarmu banɗakin zamani a gidanmu na Maska, saboda ciwon gwiwa. Masai na zama, tayil har sama, tankin ruwan kuma an binne shi cikin bango. Wani farin faranti kawai kake gani, shi ake dannawa ruwa ya zubo. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta sa a leƙa masa aikin Sanusi. Ni da nake ciyar da gidan tun rasuwar Baba, ba a taɓa leƙa wa kowa buhunan masarata ba.

Ana nan abin ya fara tsiyaya. Ruwa na zirara cikin masai ba tsayawa, kafin azahar babban tankin gida ya ƙare. Matata Rabi ta ce a kira mai gyaran famfo daga Funtuwa, tunda Sanusi na tafe ran Asabar. Na ce ni da nake kwance injin ban-ruwa in ɗaure a fadamar Danja, ɗan tanki ne zai gagare ni? Gaskiyar magana, so nake ya iso a ce masa Yaya ne ya gyara.

Na kara kunne a bango, na ji inda ruwa ke motsi, na fara bugu.

To ni ne ɗan fari, Inna kuwa irin mutanen da ce: ba ta kama sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Tana bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, na ji ta ce wa Rabi ita dai ba ta ga wanda ya haɗa abin da guduma ba. Na yi kamar ban ji ba. Tayil na uku ya faɗo, ta ce wasu mutane ba sa tambaya. Na ƙara ƙarfi. A na bakwai na samu bututu (ba shi nake nema ba), ruwa ya feso mini a fuska har hulata ta faɗa masai.

Rabi ta ruga ta rufe ruwan gidan. Sai ga Inna ta dogaro sandarta, ta wuce ni kamar turmi. Ta tura farantin nan sama da hannu ɗaya, ya fito kamar murfin kwano. Ga tanki a buɗe.

“Rabi, ki faɗa wa mutumin nan ta nan ake shiga.”

Na zura hannu na zaro murfin da ke tsayar da ruwan tankin. Yashi ne ya maƙale a robarsa. Na ɗauraye, na mayar. Shi ke nan gyaran.

Ran Asabar Sanusi ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce, “Yaya, sannu da aiki.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

An ɗinke bututu, amma ba a samu tayil irin wancan ba, sai aka lafta siminti. Yanzu duk baƙon da ya zo, aiki biyu Inna ke sa a leƙa masa: na Sanusi, da na babban. Burina dai ya cika.

Tun daga ranar, in na ji Inna ta ɗaga murya tana yi wa Rabi magana, ajiye abin da ke hannuna nake yi. Ba da Rabi take ba.