Zaren da Gwaggo Hawwa Ta Ja

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina ba, kuma ko na so in manta, matan unguwarmu a nan Gadarif ba za su bar ni ba.

Ina da ciwon sukari tun ina 'yar makaranta, irin wanda sai da allurar insulin kafin kowane abinci. Ni kuwa Allah Ya yi ni da kunyar tsiya. In na je gidan surukai aka ajiye tire, sai in ci in ce a raina zan yi allurar in na koma gida, don ba zan iya ɗaga riga a gidan Hajja, uwar mijina, ba. Cikina na farko ya zube. Ban cika son maganar ba, amma dole in faɗa don ku san irin tsoron da na shiga da na samu na biyu.

Likitar da ke duba ni wata mata ce da yaƙi ya koro daga Khartum, ba ta iya rarrashi ba ko kaɗan. Ta ga sukarina yana hawa da safe yana faɗuwa da rana, ta ce allura ta daina riƙe ni, in ina son cikin nan ya zauna gara in koma na'ura. Yayana da ke aiki a Saudiyya ya yi ta fafutuka har ya samo ta, ya aiko ta hannun wani mai dawowa gida.

'Yar ƙarama ce, ba ta kai wayar hannu ba. Wani siririn bututu ne ke fita daga jikinta ya shiga ƙarƙashin fata a kwiɓina, tana ɗiga mini maganin kaɗan-kaɗan, in zan ci abinci in danna ta ƙara. Makon farko na yi ta tafiya kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Daga baya sukarin ya fara kwantawa, likita har ta yi mini murmushi (na ɗauka ba ta da haƙora ne a da). Ta gargaɗe ni cewa in bututun ya fita kada in yi wasa, in mayar da sabo da wuri, don mai ciki ba ta zama babu maganin.

To, a gidanmu mace ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki. Sai dai a gani, a yi kamar ba a gani ba. Don haka a gidan daga ni sai maigidan muka san da cikin da na'urar. Ranar biki na maƙale ta a ƙugun siket, na naɗe jikina da tob, wato babban mayafinmu mai rufa asiri, na jefa jakata mai kayan canji a ɗakin Hajja. Ita kuma ta kulle ɗakin saboda kayan amarya, ta ɗaure makullin a bakin mayafinta.

Bayan la'asar mata sun cika tsakar gida, maza suna bayan katanga ƙarƙashin rumfa, masu kiɗa suna ta yi. Na ci abincin biki na yi nak, na sa hannu ta ƙasa zan danna na'urata a ɓoye. Ashe bututun ya leƙo ta gefen tob. Kusa da ni kuma Gwaggo Hawwa ce, yayar surukina da ta zo daga Fau, tsohuwar da ba ta iya ganin zare yana reto a jikin mutum ta ƙyale. Ko a gidan makoki sai ta tsinke shi.

"Tsaya, ya bitti, telanki bai gama aiki ba," in ji ta (ya bitti 'yata ke nan da Larabcin nan).

Kafin in ce uffan ta naɗe shi a yatsa ta fizga. Na ji zafi a kwiɓi kamar cizon cinnaka. Da ta ga bai tsinke ba sai ta sunkuya za ta sa haƙori, na'urar kuwa ta sullube daga ƙuguna ta faɗo mata a cinya, fuskarta tana haske.

Gwaggo ta yi salati ta watsar da ita. "Da shinu? Mene ne wannan ke fitowa daga jikin yarinya?"

Duk sunayen da likita ta koya mini suka gudu. Abin da ya zo bakina shi ne kalmar da kowa ya sani: "Turumba ce, Gwaggo."

A wurin mutumin Fau turumba ɗaya ce, injin ban ruwa mai hayaƙi da ke ruri a bakin gona. Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Turumba? A jikin mutum? To me kike shuka a ciki? Man dizal ɗin ta ina kike zuba mata?"

Mata suka fashe da dariya. Ni kuwa dariya ba ta gabana, don na shafa na ji bututun ya fita gaba ɗaya, ga cikina cike da shinkafa da kayan zaƙi, ko ɗigon magani bai shiga ba. Na tsinci na'urata na lallaɓa wurin Hajja na raɗa mata ina son makulli.

"Ki bari a gama fito da amarya," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

"Hajja, yanzu nake so."

"Me ke cikin jakar da ba zai jira ba? Zauna, ya bitti, baƙi na kallo."

Na tsaya. Kunya ta ce koma ki zauna, ai kin saba. Sai na tuna ranar da na dawo daga asibiti hannu wofi, na ji wani abu ya taso mini tun daga ƙafa. Saboda kiɗa na ɗaga murya iya ƙarfina, kuma daidai lokacin masu kiɗan suka ga damar tsayawa shan ruwa.

"Hajja, ciki gare ni! Maganina ya fita, in ban mayar ba, zan rasa cikin!"

Har bayan katanga aka ji, don na ji surukina ya ƙware da shayi. An ce maigidan ya sunkuyar da kai yana ta gyaran takalmin da ba shi da igiya. Ni dai na so ƙasa ta tsage.

Hajja ba ta tsaya kwance makulli ba, mayafin gaba ɗaya ta ja muka tafi. Ta tura ni ɗaki, ta ture akwatunan amarya daga kan gado, ta tsaya a bakin ƙofa tana korar mata kamar kaji. Na sa sabon bututu, na danna, na ga maganin ya fara tafiya. Sai a lokacin na yi kuka, kuma kukan daɗi ne. Da na fito Gwaggo Hawwa ce ta fara rangaɗa guɗa, tana cewa ai ita ta gano cikin, a ba ta tukwici.

Daga ranar na daina ɓoyo. A gaban kowa nake ciro na'urata in danna, in na yi jinkiri Hajja ce ke cewa, "Kin ba turumba hakkinta kuwa?" Cikin ya zauna daram har watansa, na haifi 'ya mace lafiyayya mai ƙarar murya. Ranar da aka ɗora mini ita a ƙirji na ji duk Gadarif ba wanda ya kai ni.

Abin da na koya shi ne, maganar da ya kamata ki faɗa wa mutum ɗaya cikin raɗa, in kika yi ta jan ƙafa, wata rana da bakinki za ki shelanta wa unguwa guda, har da surukinki. Kuma in za ki je biki, ki dubi wadda za ki zauna kusa da ita.